Lambun da Malam Tanimu Bai Jira Ba

Malam Tanimu akawu ne a wata ma'aikata a Abuja, yana haya a Bagama cikin Suleja da matarsa Bara'atu da 'ya'yansu. Mutum ne mai gaskiya da riƙon amana, sai dai Allah ya yi shi da gajen haƙuri. Abin da duk ya so, a ranar yake son ganinsa.

Aikin ofis bai taɓa kwanta masa a rai ba. Kullum sammako, turereniyar shiga bas, sannan ya wuni yana jujjuya fayil. Abin da yake ƙauna tun yana yaro shi ne dashen itatuwa. A gidan hayar ma ya cika tsakar gida da gwangwanayen dashen lemo.

Da ya haura shekara arba'in, a lokacin da ma'aikata ke ta kwararowa daga Legas, sai ya ce ya gaji. Ya sayi fili kusa da Sabon Wuse, ya ce zai ajiye aiki.

Bara'atu ta ce, "Malam, ban hana ka lambu ba. Ka dasa, ka riƙa zuwa Asabar da Lahadi, kana riƙe da aikinka har su girma. Saura kaɗan fa ka cancanci fansho."

Ya ce, "Rabin rayuwata na ba su. Ba zan ƙara musu ko wuni ɗaya ba."

Ya ajiye aikin. Daminar farko, ba a taɓa ganinsa cikin farin ciki irin na lokacin ba. Yakan dawo gida da laka har gwiwa yana dariya. Amma itace ba ya sauri don mai shi na sauri. Shekara ta zagayo, ta sake zagayowa, lemo sai ganye. Gida ya shiga ƙunci. Bara'atu ta kama ɗinki, aka cire babbar 'yarsu Muhsina daga makaranta.

Tanimu ya ninka taki don ya tilasta wa itatuwan haihuwa, layi guda ya ƙone ƙurmus. Daga nan lambun ya fita ransa. Da wani mai motocin haya, Oladipo, ya taya, nan take ya amsa.

Bara'atu ta roƙe shi da hawaye. "Malam, wuyar mun riga mun sha ta. Ka ƙara haƙurin damina ɗaya."

"Ba zan ƙare rayuwata ina gadin ganye ba," in ji shi.

Ya sayar. Ya koma ma'aikatarsu neman a mayar da shi, ya tarar an daɗe da ba wani kujerarsa. Abin da ya samu na lambun ya tafi a abinci da haya. A ƙarshe ya dawo mai yanka wa motoci tikiti a tashar Diko, aikin da ya fi na da ƙuntata masa.

Wata rana da hantsi wata a-kori-kura ta tsaya a tashar, shaƙe da lemo. Oladipo ya fito, ya gaishe shi da ladabi, ya cika leda ya miƙa masa.

"Malam Tanimu, dashen hannunka ne. Kana tafiya, damina ta gaba suka yi fure."

Tanimu ya karɓa, ya yi godiya da murya ƙasa-ƙasa. Da ya kai gida, Bara'atu ta ɓare ta raba wa yara. Muhsina ta kawo masa nasa a faranti.

"Baba, ka sha, akwai zaƙi."

Ya dubi yarinyar, ya dubi farantin, ya ce, "Ki shanye, 'yata. Ni ba zan iya sha ba."

Darasin da ke cikin wannan labari shi ne, ba laifi ba ne mutum ya bar aikin da ke cin ransa ya bi abin da yake so, ko da shekaru sun ja. Laifin shi ne fita babu shiri, da ƙin jin shawarar waɗanda za su sha wuyar tare da kai. Kuma son abu kaɗai ba ya isa, sai an haɗa da juriyar jiransa. Wanda ya kasa haƙuri da ganye, wani zai bar wa 'ya'yan.