Billen da Ya Fito a Kumatun Rago

An yi wani bawan Allah a wani gari, sunan garin ba shi ne damuwarmu ba. Lurwanu ake ce masa, sana'arsa gyaran hoto da kwamfuta a wani ɗan shago kusa da bakin kasuwa. A kawo masa hoto ya yi dishi-dishi, ya zauna a kansa har fuska ta fito.

Ku saurara ku ji yadda yake yi. Sai ya kwafi hoton ya zama biyu, ya shimfiɗa ɗaya bisa ɗaya kamar tabarma a kan tabarma. Na saman ya tace shi har ya koma launin toka, ba abin da ya rage sai gefe-gefen abubuwa: bakin hula, karan hanci, layin ido. Sannan ya gauraya su, na sama ya ƙara wa na ƙasa kaifi. Amma abin kamar gishiri ne a miya. Kaɗan ya gyara, da yawa ya ɓata.

To, ana gab da babbar Sallah aka sace ragon layyar wani attajiri, Alhaji Badamasi. Wata maƙwabciya ta ɗauki hoton ɓarawon da waya daga nesa, ana yayyafi. Mutum ne dai ga shi yana jan rago, fuska kuwa sai ka ce an shafe ta da koko. Nan take mutane suka ce ai Jatau mahauci ne, tsawonsa ke nan. Aka kamo Jatau, aka taho da shi da hoton har shagon Lurwanu tare da Alhaji da mai unguwa, matasa na biye da sanduna. Aka ce in fuskarsa ta fito, ba mai ceton sa.

Shi kuwa Jatau, ba irin cin mutuncin da bai yi wa Lurwanu ba a kan iyakar gona. Har a bainar jama'a ya taɓa kiransa malalaci mai wasa da madubi. Kun ji fa. Mai neman kuka ne aka jefe shi da kashin awaki, in da Lurwanu mai neman kukan ne.

Lurwanu ya shimfiɗa hoton, ya tace, ya gauraya. Fuska ba ta fito ba. Alhaji ya ce a ƙara. Ya ƙara. Aka ce a ƙara dai. Ya kai abin ƙarshensa, sai ga wani layi ya fito a kumatun mutumin, ya gangaro daga hanci. Jatau kuwa yana da bille daidai wurin.

Wuri ya ɗauki hayaniya. Jatau ya dafa bango. Lurwanu ya dubi allon, zuciya na raya masa cewa ba sai ya yi ƙarya ba, shiru kawai zai yi. Ya yi ta'awwuzi, ya ja hoton gefe, ya ƙara girman kan ragon.

"Ranka ya daɗe, dubi nan," ya ce wa mai unguwa. "Ragon ma billen gare shi. Ga wani a jikin katanga. Ni na cika gishiri, shi ya haifar da layukan nan. Ba a fuskar mutumin suke ba."

Wani daga baya ya ce to a kama katangar ita ma, ai da ita aka haɗa baki. Dariya ta ɓarke, sanduna suka sauka. Alhaji ya tambaya, to wane ne a hoton? Lurwanu ya rage ƙarfin na saman, layukan suka ɓace, fuska ta koma dishi-dishinta.

"Wallahi, Alhaji, ban sani ba. Abin da ke ciki nake fitarwa. Wanda babu, ba zan sa ba."

Mai unguwa ya ce a saki Jatau. Jatau ya zauna daɓas a bakin shago yana ta hamdala, ya kasa haɗa ido da Lurwanu. Alhaji ya share zufa ya ce gara rago ya tafi da ya ɗauki alhakin mutum ya je da shi filin Idi. Ragon dai ba a gan shi ba, amma kowa ya koma gida hannunsa ba jini.

Jama'a, da ku nake. Kowannenku yana da irin wannan na'ura a ƙirjinsa. Ka ji ƙishin-ƙishin a kan ɗan'uwanka, ka shimfiɗa ƙiyayya a kai, ka yi ta ƙarawa har ka ga abin da kake son gani. Zato zunubi ne. In abu bai bayyana maka ba, ka ce ban sani ba, ko da a kan maƙiyinka ne. Allah Ya tsare harsunanmu daga shaidar zur.