Hayaƙin Ba Abatcha Ranar Suna

Akwai wani dattijo a unguwarmu a nan Diffa, ana ce masa Ba Abatcha, manomin tattasai da barkono a bakin kogin Komadugu. Ku matso ƴan zauren nan, ni da idona na gani, kun kuwa san idona ko allura ta faɗi can ƙauyen Assaga daga nan nake hango ta.

Ba Abatcha bai da rowa, bai da mugunta. Ciwonsa ɗaya, ba a gaya masa magana.

Wata rana bulama, wato mai unguwarmu, ya tara mu ya ce saƙo ya zo daga meri, ofishin magajin gari: a daina ƙona shara a ƙofar gida, hayaƙin leda na lalata ƙirjin mutane. Kowa ya tara tasa, amalanken jaki zai riƙa zagayowa yana kwashewa.

Kowa ya ce to. Ba Abatcha ya ce, "Ni jaki zan zauna jira? Ashana ta ƙare a kasuwa ne?"

Maƙwabcinsa Alhaji Bubakar, Badamagare mai kanti, mutum ne mai ciwon ƙirji. Ya same shi cikin lalama.

"Ba Abatcha, don Allah in ka kunna wutar nan, kwana nake zaune."

"Kai Alhaji, ku ƴan kanti turare ya ɓata ku. Ni cikin barkono aka haife ni, hancin nan ko atishawa bai sani ba. Ka sayi ƙirji sabo, ba kana sayar da komai ba?"

Alhaji ya yi murmushi ya koma gida. Bai kai ƙara ba. In ya ga hayaƙi sai ya rufe taga.

Ana nan sai matar Zaidu, babban ɗan Ba Abatcha, ta haifi namiji. Jikan fari! Zaidu ya ce wa uban, "Baba, sunanka za a sa." Shi ke nan, tsohon nan bai bar kowa ya huta ba. Har masu kifi a kasuwa sai da suka ji za a yi masa takwara.

Ranar suna da sassafe ya fito, ya ga tulin shara a gefen ƙofa, amalanke kuma sai gobe. Ya ce baƙinsa na Mainé da Bosso ba za su ga wannan ƙazanta ba. Ya ƙyasta ashana, ya je ya sa babbar riga.

Abin da bai sani ba, jiya matarsa Ya Fanna ta share ɗakin ajiyar barkono tas don baƙi mata su samu wurin zama. Duk garin da ya zube, da ƴaƴan, da tsofaffin buhuna, ta juye cikin tulin nan. Ba tattasai mai sanyi ba fa, ƙananan nan masu sa ƙato kuka.

An shimfiɗa tabarmi, an raba goro da dabino, liman ya gyara zama. Sai iska ta juyo.

Liman ya ɗaga hannu ya ce, "Jama'a, a yi sala... a yi... hatsiii!"

Jama'a, ban taɓa ganin an watse irin haka ba. Masu rawani suna share hawaye da rawani. Wani baƙo ya tafi da takalmi na hagu biyu. Ni dai ba gudu na yi ba, gaba na shiga don in nuna wa mutane hanya.

Shi kuwa mai hancin da bai san atishawa ba, yana durƙushe yana jera ta kamar tsohon injin ban ruwa, hula ta yi gabas shi ya yi yamma.

Ana cikin dariya da tari sai muka ji ihun Ya Fanna daga ciki: "Jariri! Hayaƙi ya cika ɗakin mai jego!"

Nan dariya ta tsaya.

Kafin kowa ya motsa, Alhaji Bubakar, mai ƙirjin da ake wa ba'a, ya jiƙa rawaninsa a buta ya ɗaure hanci ya kutsa. Ya fito da jaririn a ƙunshe cikin rigarsa, uwar na bin bayansa, ya kai su gidansa inda iska ba ta bi. Ya juyo yana haki ya ce, "A zuba yashi kan wutar! Liman, a kwaso tabarmi, ƙofata a buɗe take."

Yaron ya yi ɗan tari, ya tsala kuka, ya kama nono. Kowa ya ce alhamdulillahi.

A ƙofar Alhaji aka sake zama. Zaidu ya sunkuya ya raɗa wa liman magana. Ba Abatcha ya gyara riga, ido jajir, yana jiran ya ji sunansa.

Liman ya ce, "Sunan yaro Bubakar."

Kowa ya juya yana kallon tsohon. Ya buɗe baki zai yi magana, atishawa ta riga shi. Da ya gama sai ya ce, "Ya yi daidai. Da ni aka tambaya ma haka zan ce."

Ya Fanna daga bayan zana ta ce, "Ƙarya yake!"

Yanzu ku je unguwarmu ku gani. Da jin tafiyar jakin shara, Ba Abatcha ne farkon fitowa da kwando. In ya ga wani da ashana kusa da juji, har gida yake raka shi da faɗa. Zaidu ya yi masa alkawarin sa wa ɗa na biyu sunansa, shi ya sa kullum yana tambayar surukarsa ko tana jin kwaɗayin wani abu.

Darasi: Hayaƙin da ka tayar ba ya tsayawa a ƙofarka, kuma ba ya tambayar wane ne jikanka. In an ce a daina ƙona shara, a daina, maƙwabcin da kake shaƙewa yau shi zai ɗauko ɗanka gobe. Ku tura wa duk mai yawo da ashana a aljihu, ku ce ni na aiko ku.