Kawun Da Ya Bi Sawun Magajinsa Har Kan Dutsen Aburi

Akwai wani ɗan kasuwa a Madina, nan cikin Accra, ana ce masa Papa Darkwa. Mutumin Kwahu ne, kwanon rufi da ƙusa yake sayarwa, kuma Allah ya buɗa masa. Matsalarsa ɗaya ce: zargi. Ko gaishe shi ka yi da fara'ar da ta fi ta jiya, sai ya yini yana tunanin me kake nema a wurinsa. Unguwa ɗaya muka zauna da shi, na san abin da nake faɗa.

Ga shi da tumbi, yana kiransa shaidar arziki. Daga gidansa ana hango rufin shagonsa, amma sai a mota yake zuwa.

Wata rana jiri ya kwashe shi a shago, ya zube kan buhunan ƙusa. A asibiti likita bai ɓoye masa ba. Ya ce jininsa ya hau sosai, in bai rage gishiri da manja ba, ya fara motsa jiki, to shanyewar ɓarin jiki na nan tafe, ko ma abin da ya fi haka.

Labari ya kai kunnen Twumasi, ɗan ƙanwarsa marigayiya, mai aikin haɗa wayar lantarki. Kun dai san al'adar mutanen nan, ɗan 'yar'uwa ke gadon kawunsa. Gonar koko da gidan dangi da ke hannun Darkwa a Kwahu, ranar da ya faɗi, Twumasi ne zai hau kansu.

Washegari sai ga Twumasi da sabon takalmin kambas a leda.

Ya ce, "Kawu, ga shi na sawo maka. Ranar Asabar da sassafe mu hau dutsen Aburi da 'yan ƙungiyarmu ta motsa jiki. Ba gudu ba ne, tafiya ce kawai. Inda ka gaji sai mu tsaya."

Darkwa ya dubi takalmin, ya dubi yaron. "Likita ya ce zuciyata ta gaji, kai kuma ka ce in hau dutse?"

"Ai shi likitan ne ya ce ka riƙa tafiya, Kawu."

"To. Ajiye a nan. Na gode."

Da yamma ya tafi gindin bishiyar da suke dara da abokinsa Ofosu, wani tsohon direba wanda bai taɓa jin labari ya bar shi yadda ya same shi ba. Darkwa ya ba shi labarin takalmi.

Ofosu ya ce, "Wa ya kawo?"

"Twumasi."

"In ka faɗi yau, wa zai ci gonar koko?"

Darkwa ya ɗago kai ya dube shi.

Ofosu ya ɗaga hannu biyu. "A'a, ni ban ce komai ba fa! Mutum da hawan jini, magajinsa ya saya masa takalmin hawa dutse. Yaron kirki. Yi wasanka, kai ake jira."

Wallahi irin su Ofosu sun fi gishiri kashe mutane. Daga wannan yammacin Darkwa bai sake samun natsuwa ba. Takalmin ya sa aka jefa shi bayan ɗakin ajiya, ko taɓa shi bai yi da hannunsa ba.

Sai kuma miyar gida ta canza ɗanɗano. Ya tambayi matarsa, Anti Konadu, me ya samu miyarta.

Ta ce, "Gishiri na rage. Twumasi ya ce likita..."

"Twumasi! Yanzu har tukunyata ya shiga?"

Tun daga ranar, kafin ya ci loma sai ya fara jefa wa kyanwar gidan, ya zauna yana kallonta. Kyanwa ta ci ta yi ɓul-ɓul. Shi kuma ya koma zagayawa gidan abincin bayan tasha, yana narkar fufu, sakwarar nan tasu, da miyar gyaɗa da naman akuya, wai nan ne babu hannun maƙiyi.

Twumasi bai yi fushi ba. Kowace Asabar sai ya zo ya ƙwanƙwasa ƙofa, a ce masa Kawu na barci, ya gaida Anti Konadu ya wuce. Ya daɗe yana haka, sai kuma ya daina zuwa. Kuna tsammani Darkwa ya huta? Ina! Da yaron na zuwa, zargi. Da ya daina, sai ya ce lallai ya canza dabara.

Ana nan, ran nan Anti Konadu tana tsinar kifi a tsakar gida, ta ce kamar da kanta take magana, "Oho dai. An ce kowace Asabar sai Twumasi ya keɓe da wani dogo mai baƙar jaka a hanyar Aburi. Ko me suke ƙullawa a can sama, Allah masani."

Darkwa ya kasa kunne. Biri ya yi kama da mutum. Boka ne, ko lauya? Ya so ya kira babban danginsu a Kwahu ya kai ƙara, amma ya san tsohon zai tambaye shi shaida. Ya ce a ransa sai ya gani da idonsa.

Asabar na yi ya ɗauki mota ya tafi Ayi Mensah, inda hawan yake farawa. Ya ɓoye motar bayan mai sayar da kwakwa. Ya sa hula ya ja ta har gira, ya toshe ido da baƙin gilashi, ƙafarsa da silifas. Sai ya laɓe bayan falwayar lantarki. Jama'a, mutum mai wannan tumbi a bayan falwaya!

Hanya ta cika kamar kullum, kowace ƙungiya da kalar rigarta, masu ganga na kiɗa, 'yan mata da tsofaffi na amsa waƙa. Can ya hango Twumasi. Ga kuwa dogon nan da baƙar jaka a kafaɗa. Suka haɗa kai suna ƙus-ƙus, dogon ya ɗan waiwayo wajen falwayar, sannan suka rabu.

Ƙungiya ta kama hawa. Twumasi ya tsaya a can baya, yana tafiya a hankali shi kaɗai. Darkwa ya bi shi daga nesa. Ko kwanar farko bai kai ba numfashi ya gagare shi, ya zauna a kan simintin gefen titi, gumi kamar an watsa masa ruwa. Yana ɗaga kai sai ya ga mai baƙar jaka a ɗaya gefen titin, ya sunkuya wai yana ɗaure takalmi, amma idonsa na kansa.

Tsoro ya kama shi. Ya lallaɓa ya gangara ya shiga motarsa.

Amma mai zargi ba ya haƙura. Silifas ya yi masa kanta a ƙafa, sai ya je kasuwa ya sayi kambas da kuɗinsa, a wurin mutumin da bai san Twumasi ba. Ya lura in ya cika ciki da fufu ranar Juma'a, yaron na saurin ɓace masa ranar Asabar, sai ya rage zuwa bayan tasha. Ya fara barin mota a gida yana takawa zuwa shago, har ya kan zagaya ta doguwar hanya, duk don kada ɗan banzan yaron nan ya sake tsere masa.

Kowace Asabar yana ɗan ƙara nisa. Ya wuce kwanar farko, ya wuce ta biyu, ya wuce inda mata ke sayar da abarba. Kullum Twumasi na gabansa, bai yi nisan da zai ɓace ba, bai yi kusan da za a kama shi ba. Kullum kuma in ya waiwaya, mai baƙar jaka na bayansa. Darkwa ya daina barci mai nauyi ranar Juma'a, amma abin mamaki, sauran ranakun yana barci kamar jariri, ciwon kan da ke damunsa da safe ma ya tafi. Bai tsaya ya tambayi kansa dalili ba.

Damina ta wuce ana wannan ɓuya. Ran nan a wurin dara Ofosu ya ƙura masa ido.

"Darkwa, tashi tsaye in gani."

Ya tashi.

"Kai! Ina tumbin? Dubi wandonka yana neman faɗuwa. Mutumina, ramewa kake yi fa. Ka tabbata ba su fara aiki a kanka ba? Haka aka yi wa wani a garinmu, yana tafe yana tsotsewa har..."

"Ya isa!"

Darkwa ya koma gida. Ya tsaya gaban madubi ya ja bakin wandonsa, hannunsa ya shige har wuyan hannu. Ya tabbata abin da ke cikin baƙar jakar nan ne ke cin sa. Ya rantse Asabar mai zuwa ko zai mutu a hanya sai ya kai ƙarshenta.

Ranar bai zauna ko sau ɗaya ba. Haushi ne ke tura shi. Ya wuce duk wuraren da ya saba juyawa, ƙafa na zafi, yana tafe yana shirya zagin da zai yi. Mai jakar ma yau ya wuce shi ya yi gaba. Har ya iso Peduase, can sama inda ƙungiyoyi ke hutawa, masu hayar dokuna da masu soyayyen kifi sun baje kaya.

Ga Twumasi da dogon nan a gindin bishiya, jakar na tsakaninsu.

Darkwa ya fizge gilashinsa ya yi kansu. "Na kama ku! Yau ƙaryarku ta ƙare. Kai dogo, buɗe jakar nan kowa ya gani!"

Masu ganga suka tsaya. Mutane suka taru. Dogon ya durƙusa ya zuge jakar ba tare da musu ba. Na'urar awon jini ce a ciki, da gorar ruwa, da tawul, da 'yan magunguna.

Ya ce, "Papa, sunana Amoako, nas ne ni. Tun ranar da ka laɓe bayan falwaya nake biye da kai. Twumasi ya roƙe ni kada in bar ka kai kaɗai a hanya, ko da jiri zai ɗebe ka."

Wata mai sayar da kifi ta ce, "Au, Papa mai gilashi ne? Ai duk mun san shi. Mu har addu'a muke masa ya kai sama!"

Aka fashe da dariya. Darkwa bai yi dariya ba. Ya nuna Twumasi da yatsa.

"Wasan kwaikwayo ne! Ka zaci ban san abin da kake so ba? Gonar koko kake so. Ka ga na ƙi mutuwa, ka jawo ni kan dutse zuciyata ta buga!"

Twumasi ya matso kusa da shi. Da ya buɗe baki, muryarsa a ƙasa take.

"Kawu, da gonarka nake so ai ba sai na sha wannan wahala ba. Sai in riƙa aiko maka da fufu da naman akuya kullum, in saya maka kujera mai laushi, in ce Kawu zauna ka huta. Da kafin Kirsimeti an gama."

Ya ci gaba da cewa:

"Ni na yi jinyar Mama bayan ɓarin jikinta ya shanye. Ni ke juya ta, ni ke wanke ta, ni ke ba ta kunu a cokali yana zubowa ta gefen baki. Ranar da ka zo duba ta, a bakin ƙofa ka tsaya, ka kasa shiga. Ban ga laifinka ba, ƙanwarka ce. Amma da na ji abin da likita ya gaya maka, ita na gani a kwance. Kai kaɗai ka rage mini, Kawu. Na roƙe ka don ƙauna ka ƙi tashi. Anti Konadu ce ta ce in bar ka da zarginka, shi kaɗai zai iya ɗaga ka daga kujera."

Darkwa ya zauna a kan wani dutse. Amoako ya matso ya naɗa masa na'urar a hannu, bai hana ba. Da ya gama awo ya juyo da ita ya nuna masa.

"Papa, jininka ya sauka, ka kai wa likitanka wannan awon ranar Litinin. Kada ka bar shan magani, amma zai yi murna da kai."

Darkwa ya juya ya dubi ƙasa. Ga Accra can shimfiɗe, motoci kamar tururuwa, ko inda ya ajiye tasa ba ya iya ganewa. Duk wannan da ƙafarsa ya hau. Kunya ta rufe shi, hawaye suka zubo, babban mutum a gaban masu sayar da kifi. Ni kaina da aka ba ni labarin nan sai da idona ya ciko.

Ya goge fuska da hularsa, ya ce ba tare da ya ɗaga kai ba, "Twumasi."

"Na'am, Kawu."

"Asabar mai zuwa ka yi tafiya a gefena. Na gaji da kallon ƙeyarka."

Darasi: Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Wanda ya takura maka ka tashi, ka taka, ka rage gishiri, so yake ya daɗe yana ganinka, mai ce maka zauna ka huta kuwa ba lallai masoyi ba ne. Kada ka jira sai zargi ko gadon asibiti ya tashe ka, tashi da kanka tun ƙafa na ɗaukarka. Ku tura wa duk wani kawu, baba ko aboki da ya ƙi rabuwa da kujera, in ya zarge ku ma ba komai, in dai zai tashi.