Tsiro Biyu a Gurbi Ɗaya

Akwai wata yarinya a wani gari, sunanta Keziya, 'yar makarantar sakandare ce. Allah ya yi mata hannun aiki, duk abin da ta taɓa sai ya yi kyau. Shi ya sa kowa yake nemanta, ita kuwa bakinta bai iya cewa a'a ba.

Da sassafe takan kai wa mai ƙosai niƙan wake. In an tashi daga makaranta sai ta wuce tasha, ta yi wankin kwanuka a rumfar wata mai tuwo. Da yamma mata suna jiranta a ƙofar gida, kai a tsefe, ta yi musu kitso. Ran Asabar kuma ƙwadago a gonar wani tsohon manomi. Ba wanda ya tilasta mata. Mahaifiyarta gwauruwa ce, Keziya kuwa ba abin da ke mata daɗi kamar ta shigo da sabulu da gishiri, ta ajiye a gaban Mama. Sai dai a aji, da zarar malami ya juya ga allo, kanta ya sauka a kan tebur ke nan.

Wata Asabar da damina ta kankama, dawa ta tsiro, tsohon ya nuna mata kunyoyin da ke gefen rafi. Ya ce, “Yau rage shuka za mu yi. Kowane gurbi ki bar biyu masu ƙarfi, sauran ki cire.”

Keziya ta sunkuya. Ga tsiro cunkus a gurbi ɗaya, kore shar, ba mai ciwo a cikinsu. Ta kama ɗaya, ta saki. Ta ce a ranta, “Wanne zan cire? Me suka yi? Tsufa ne ya sa Baba ɓarna. In biyu sun ba da hatsi, ai duka za su fi bayarwa.” Sai ta cire ciyawa kawai, ta bar dawar yadda take. Ta riga kowa gamawa, ta tafi tana murna, don akwai mai jiran kitso.

Da zangon karatu ya ƙare, shugabar makaranta ta aika a kira mahaifiyarta. Ta ce, “Yarinyar nan tana da kai, amma barci take zuwa yi mana. Ta faɗi jarrabawa. Na ba ta zango ɗaya. In jarrabawar kafin Kirsimeti ta zo haka, akwai masu jiran kujerarta.”

A hanya Mama ba ta yi faɗa ba. Cewa kawai ta yi, “Keziya, ni ban haife ki don sabulu ba.” Wannan magana ta fi duka zafi.

Da Asabar ta zagayo, ta je gona idanunta a kumbure. Tsohon ya dube ta. Ya ce, “Zo, jikata, ki gaida 'ya'yanki.”

Ya kai ta gefen rafi. Dawar sauran gonar ta kai gwiwa, kara da kauri, ganye har baƙi-baƙi don lafiya. Nata kunyoyin kuwa sun tsaya sirara kamar tsintsiya, sun yi rawaya, suna jingine da juna.

Ta ce, “Wayyo, Baba! Tsutsa ce ta shiga?”

Ya yi dariya har ya dafa fartanyarsa. “Tsutsar ce tsaye a gabana da ɗankwali. Na ce ki bar biyu, kika bar gari guda.”

“Tausayinsu na ji, Baba. Dukansu masu kyau ne.”

“Ai na sani. Da marasa kyau ne, wa zai sha wahalar cirewa? Amma gurbin ɗaya ne, abincinsa ɗaya. Kowa ya ɗan lasa, ba wanda ya ƙoshi. A bar su haka, ran girbi kara za ki tara, ba zangarniya ko ɗaya.”

Keziya ta matsa kusa da kunyoyin. Tana kallon dawar, amma abin da take gani dabam ne: niƙan wake, kwanukan tasha, kawunan mata, da littattafanta can a ƙarƙashinsu sun yi rawaya. Ta ce a hankali, “Sun lalace ke nan?”

“Da saura. An yi ruwa jiya, ƙasa a jiƙe take. Cire, amma kada ki zubar. Akwai wuraren da shuka ba ta fito ba, can za mu dasa su.”

Ta durƙusa ta fara cira. Na farko ya yi mata wuya, na biyu ya fi sauƙi. Tsohon yana datse musu kan ganye, yana dasawa a inda gona ta yi giɓi.

Daga gona ba ta nufi gida ba. Ta biya ta ɗauki ƙawarta Briskila, wadda ta daɗe tana neman abin yi, ta kai ta rumfar mai tuwo. Matar ta riƙe baki. “Keziya, ni za ki yi wa haka? Waye zai wanke mini tukunya har in ga fuskata a ciki?” Keziya ta ji “to, shi ke nan, zan zo” ya taso mata har maƙogwaro, ta haɗiye shi. Ta ce, “Ki yi haƙuri, Mama. Ga Briskila, ta fi ni ƙarfin hannu.” Niƙan wake ta bar wa ɗan maƙwabta. Masu kitso ta ce sai hutun Kirsimeti. Ta bar wa kanta biyu: makaranta, da gonar Baba ran Asabar.

Ba a ce abin ya zo da sauƙi ba. Akwai ranar da miya ta fito ba mai. Zanen Kirsimeti da ta sa rai a kai, ta haƙura da shi. Mata suna wucewa suna cewa, “Ka ga 'yar boko, yanzu ta fi ƙarfin kanmu!” Ta gaishe su, ta koma kan littafinta. Amma a aji idonta a buɗe yake, har malamin lissafi ya tambaya ko sabuwar ɗaliba aka kawo.

Ran da aka ba da sakamako, a gaban dukan makaranta aka kira sunanta cikin waɗanda suka yi zarra. Ta taho da gudu, takalmi a hannu. Tun daga nesa Mama ta ga fuskarta, ta saki muciya, ta rangaɗa guɗa har maƙwabta suka fito.

Ran Lahadin godiyar kaka kuwa, sai ga tsohon ya shigo majami'a da dami biyu na dawa, manyan zangarniya, an ɗauko masa a kai. Ya ajiye su a gaban bagade, ya ce wa jama'a, “Wannan daga kunyoyin jikata ne. Wannan kuma daga waɗanda ta cire muka dasa. Ko ɗaya bai ɓata ba.” Mata suka ɗauki waƙa, Keziya da Briskila a gaba, har ƙura ta tashi.

To, 'ya'yana, ga abin da misalin nan yake nufi. Gurbin shi ne ranar da Ubangiji yake ba kowannenmu, da ɗan ƙarfin da ke cikinta. Tsiron su ne ayyukan da suke kiranku. Aiki ba laifi ba ne, yaron da ya taimaki gida da guminsa abin yabo ne. Amma ba mugun abu kaɗai yake hana mutum ba da amfani ba, kyawawa ma in sun yi yawa sukan shaƙe juna. Ku roƙi Ubangiji ya nuna muku waɗanda za ku bari, ya kuma ba ku ƙarfin cewa a'a cikin ladabi. Kada ku ji tsoron abin da kuka saki, gonarsa da faɗi take, ya san inda zai dasa shi. Mu iyaye kuma, kada daɗin sabulun yau ya rufe mana ido har yaro ya yi rawaya a gabanmu. Wanda ya yarda ya durƙusa ya cire tun ƙasa tana jiƙe, shi ne zai shigo da dami ran godiya.