Gadon Inna Kande

An yi wata baiwar Allah a wani gari, tun zamanin da, ana ce mata Tasalla. Ba malama ba ce, ba mai dukiya ba ce. Mahaifiyarta take jinya, Inna Kande, wadda ta makance kuma ɓarin jikinta ya shanye.

Inna Kande tana da gadon katako na maɗaci, da shi aka kawo ta gidan miji. Gadon ya tsufa, dauɗa ta yi masa ɓawo, katakon ya yi sartse, kuɗin cizo sun cika kowace tsaga. Ku saurara, 'yan'uwana mata: wanda ba ya iya juyawa, kuɗin cizo ba sa tausaya masa. Bayan tsohuwa ya zama gyambo. Tasalla ta gane cewa in aka bar ta a kansa haka, gadon ne zai cinye ta.

Ta je wurin masassaƙin garin, Tanimu. Ya ce, "Gadon mai wannan ciwo? Ba zan taɓa shi ba. Ki sa masa wuta."

Ta dawo ta faɗa wa uwar. Inna Kande ta ce, "Ki ƙona ni tare da shi. A kansa zan cika, kin ji ko?"

"Na ji, Inna. Ni zan gyara."

"Ke? Ko muciya kin taɓa sassaƙawa?"

Ba ta taɓa ba. Ta sauke uwar kan tabarma, ga damina, ga sanyin ƙasa, ta ja gadon tsakar gida. Ta kwarara masa tafasasshen ruwa, ta bar shi a rana, katako ɗaya ya tsage. Ta ɗaure shi da jijiya. Ta fasa kwalba tana kankara, kwalbar ta fi cin yatsunta a kan katakon. Garin sauri ta lafta man kaɗanya tun itacen bai bushe ba, ya yi danƙo, ƙura ta manne. Sai da ta sake kankarewa daga farko. Duk wannan, daga ɗaki tsohuwa tana kira: "Tasalla, ƙasa tana cin ƙashina! Ina gadona?"

Maƙwabta suna leƙe ta katanga. Wata ta ce, "Sannu, sarkin sassaƙa. In kin gama ga turmina." Tasalla ta ce, "Allah ya kai mu," ta naɗe yatsa da tsumma ta ci gaba. Ta kankare, ta goge da yashi mai laushi, ta shafa mai kaɗan-kaɗan, har jan maɗacin ya fito, ko'ina sumul.

To, nan ne nake so ku buɗe kunne. Ta ɗauki uwar ta kwantar. Inna Kande ta miƙa hannun da yake aiki, tana lalube wajen kai. Akwai wani ɗan gurbi da hannunta ya ci a katakon, inda ta saba kamawa ta tashi tun tana da ƙarfi. Da shi take gane gadonta. Tasalla ba ta sani ba, ta ɗauka lalacewa ce, ta kankare shi.

Hannun ya je ya dawo. Tsohuwa ta ce, "Wannan ba nawa ba ne."

"Naki ne, Inna. Ni na goge wurin, ban sani ba. Ki yafe mini."

"Kin ƙona shi. Kin ga ba ni da ido."

Tasalla ta sa yatsunta da kwalba ta yayyanka cikin tafin uwar, ko za ta ji shaida. Uwar ta janye hannu.

Kuna jiran in ce daga baya ta gane? Ba ta gane ba, kuma ba zan gyara muku labarin don ya yi daɗi ba. Har ta bar duniya, duk wanda ya zo dubiya sai ta ce masa, "'Yata ta ƙona mini gado." Tasalla tana tsugune tana ji, tana juya ta, tana ba ta kunu. Ba ta sake kare kanta ba. Amma tsohuwa ta samu barci, cizo ya ƙare. Da ta rasu, matan da suka yi mata wanka suka tarar bayanta ya warke, ba gyambo ko ɗaya.

Wannan shi ne haƙuri. An daɗe ana gaya mana haƙurin mace shi ne ta naɗe hannu ta yi shiru, ni kuwa ban yarda ba. Haƙuri shi ne ki tashi ki yi abin da kowa ya ƙi, ki ɓata, ki sake, a saka miki da zargi, ki dawo gobe ki ci gaba. Cikinku akwai mai jinyar uwa da ba ta gode mata, akwai mai jinyar uba da ya manta sunanta. In godiya kike jira, za ki gaji ki bari. Ki yi don Allah, ya ga yatsunki. Allah ya jiƙan iyayenmu, ya ba mu juriyar Tasalla.