An Samu Mai Teku

Wai lokacin da Turawa suka sauka gaɓar Indiya neman masoro, kyaftin ɗinsu ya tara masunta ya ce, "Daga yau teku ta sarkinmu ce. Kada kowa ya sake jefa koma."

Ponnamma, wata tsohuwa mai sayar da kifi, ta ce, "Madalla, ranka ya daɗe! Mun daɗe muna cigiyar mai ita. Bara ta cinye min bukka. A garin nan, in saniyarka ta yi ɓarna, kai za ka gyara, ka kuma ɗaure ta. Ga igiya."

Kyaftin ya harzuƙa. "Ke tsohuwa, wa ya isa ya ɗaure teku? Ai ta Allah ce!"

Ponnamma ta dubi masunta. "Kun dai ji daga bakinsa. Ku tura kwale-kwale."