Ranar Da Aka Daina Cewa "Komai Lafiya"

Akwai wani shugaban kwaleji da ɗalibai suka laƙaba wa suna Aradu. Jama'a, in mutumin nan ya yi tsawa, har malamai sai sun nemi wurin ɓuya.

Rufin babban ɗakin taro ya tsage, kowa ya sani. Maimakon gyara, Aradu ya sa aka shafe tsagar da fenti, domin baƙi za su zo daga ma'aikatar ilimi su ji ra'ayin kowa kan makomar kwalejin.

"Duk wanda aka tambaya, amsa ɗaya ce: komai lafiya," in ji shi. "Wanda ya ƙara ko kalma, ya haɗa kayansa."

Ranar taron ɗaki ya cika maƙil. 'Yar Aradu, wadda ke ajin farko, tana zaune a layin gaba, daidai ƙarƙashin tsagar.

Baƙi suka fara tambaya. Komai lafiya. Komai lafiya. Sai yashi ya soma zubowa a kan mutane. Aka ji ƙas! daga sama. Amma ba wanda ya motsa. Ana tsoron rufi, ana tsoron Aradu.

Malamar lissafi ce ta miƙe.

"Ranka ya daɗe, ba lafiya ba. Ku dubi sama."

"Zauna!" Aradu ya daka mata tsawa.

Ba ta zauna ba. Malamin da ke gefenta ya tashi, ɗalibai suka tashi, har masu shara. Suka ja baƙin waje, wata ɗaliba ta fizgi hannun 'yar Aradu.

Fitarsu ke da wuya, guntun siminti ya rufto, ya ragargaza kujerar da yarinyar ta bari.

Aradu ya durƙushe yana kallon kujerar.

A gindin bishiya aka ƙarasa taron. Kowa ya faɗi abin da ke damunsa da yadda za a gyara. Da aka zo kan Aradu, a hankali ya ce, "Ku ci gaba, ina jinku."

Darasi: Makarantar da ake tsoron faɗin gaskiya a cikinta, wata rana kan 'ya'yanmu za ta rufto. Shugaba ya saurara, na ƙasa kuma su haɗa baki su yi magana. Ku tura wa duk malami da ɗalibin da kuka sani.